Furfurar Katako da Nauyin Alkawari

A tashoshin ƙananan jiragen ruwa na jihar Maine a Amurka, da na kudancin Ingila, akwai wani aiki da ke dawowa duk shekara da zarar sanyi ya ja baya, wajen watan Afrilu zuwa Mayu. Za a ga mutane durƙushe a kan jirage, kowa da sanfefa a hannu, suna gugar siririn katakon da ya zagaye bakin jirgi, da sandunan da ake kamawa idan teku ta yi fushi, da ƙyauren shiga ɗakin ciki. Yawancin jiragen nan ba na katako ba ne. Tun wajen shekarun 1960 masana'antu suka koma zuba gangar jirgi da faiba, abin da ya rage na itace shi ne waɗannan 'yan guntayen da ke waje, rana ta doke su, ruwan gishiri ya wanke su. Mai jirgi zai kwashe makonni yana kankara da guga da shafa, har katako ya fito yana sheƙi kamar zuma a kwalba. Baɗi war haka sai ya sake durƙusawa.

Muna so mu ɗauki wannan ƙaramin aiki mu yi tambaya da shi. Wace irin kulawa ce abin da ke hannunmu yake bin mu bashinta? Kuma yaya za mu auna aikin da muka sani tun farko cewa rana za ta warware shi? Tambayar ta shafi wanda bai taɓa ganin teku ba, domin kowa yana riƙe da wani abu da ke lalacewa a hankali, ko gida ne, ko sana'a, ko zumunci. Amfanin katakon jirgi shi ne yana nuna sakamakon kowane zaɓi a fili kuma da wuri. Cikin shekara biyu ko uku za a gane wanda ya kula, da wanda ya yi sakaci, da kuma wanda ya yi ɓarna da sunan kulawa.

Katakon da aka fi so a wannan wuri shi ne tik, itacen da asalinsa dazuzzukan Indiya ne da Myanmar da Tailan da Laos. An dasa shi a kudancin Najeriya da Gana tun zamanin Turawa, har ana yin turakun wutar lantarki da shi. Masu jirgi suna ƙaunarsa saboda yana ɗauke da mansa a jikinsa. Ruwa ba ya saurin ratsa shi, ruɓa ba ta samun sa da sauƙi, kuma ba ya yawan kumbura ko motsewa idan yanayi ya sauya. Duk da haka rana ba ta ƙyale shi. Akwai wani sashe na haskenta da ido ba ya gani, wanda ke farfasa sinadarin da ke riƙe zaruruwan itace wuri guda. Ruwan sama ya zo ya wanke abin da ya farfashe, sai zaruruwan su saura fayau. Shi ya sa tik ɗin da aka bari tsirara yake juyewa daga ruwan zuma zuwa toka-toka cikin 'yan watanni. Wannan tokar ba ta wuce fatar sama ba. Idan aka ɗan kankara, za a tarar da lafiyayyen katako a ƙasa. Furfura ce kawai, kuma furfura ba cuta ba ce. Mahogani, wanda wani nau'insa na Afirka ɗan'uwan maɗaci ne, bai kai tik wannan juriya ba, shi kam sai an rufe shi.

Hanyoyi uku ne a gaban mai jirgi. Zai iya barin katakon ya yi furfurarsa, ya riƙa ɗauraye shi da ruwan teku da soso mai laushi. Zai iya shafa masa mai, kamar yadda maƙeran jiragen katako na gaɓar Malabar da na Tekun Fasha suka daɗe suna yi da man kifi. Mai yana dawo da launi nan take, sai dai ba ya jimawa a rana, yana kama ƙura, fumfuna kuma tana son sa, har katako ya yi duhu. Hanya ta uku ita ce banish, wato ruwan nan mai ƙyalli da ake haɗawa da mai da ƙaro, wanda idan ya bushe yake zama kamar gilashi a kan itace. Na jirgin ruwa ya bambanta da na kujerar falo. Ana yawaita masa mai, sau da yawa man 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Sin da ake kira tung, domin ya riƙa miƙewa tare da katako maimakon ya tsage, kuma ana zuba masa sinadarin da ke shanye zafin hasken rana.

Aikin banish yana da tsari, kuma a cikin tsarin ne hujjarmu take. Da farko sai an cire tsohon shafi gaba ɗaya, da na'urar hura zafi da abin kankara. Sai guga da sanfefa, daga mai kaushi kamar lamba 120 zuwa mai laushi kamar 220. Idan akwai baƙin tabo inda ruwa ya taɓa kwanciya, sai a wanke shi da wani asid mai sauƙi. Da yake man da ke jikin tik yana hana banish kamawa, sai a goge fuskar katakon da asiton dab da za a fara. Shafin farko ana tsinka shi da tina, kusan rabi da rabi, domin ya nutse cikin itace. Na biyu a rage tinar, daga nan a ci gaba da cikakken banish. Gwanaye sukan kai shafi takwas zuwa goma, a bar kowanne ya kwana ya bushe, a ɗan goge shi da sanfefa mai laushi sosai kafin a ɗora na gaba. Ba a shafawa da tsakar rana, ba a shafawa da iska mai ƙura, ba a kuma shafawa da la'asar sakaliya, domin raɓar dare za ta sauka a kai ta dusashe ƙyallin. Ke nan mutumin da ya fara yau, ko da yanayi ya ba shi haɗin kai, yana da mako biyu a gabansa.

Bayan duk wannan wahala, abin da ya samu aro ne. Sinadarin da ke kare banish daga rana yana ƙarewa a hankali, daga shafin sama zuwa ƙasa. A ƙasashe masu sanyi, sai an ƙara shafi ɗaya ko biyu duk shekara. A wuraren da rana ke da ƙarfi, kamar tsibiran Karibiyan, bayan 'yan watanni ake ƙarawa. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida aikinsa kaɗan ne, ya goge sama-sama, ya shafa, shi ke nan, kuma asalin shafinsa zai iya kai shi shekaru masu yawa. Wanda ya tsallake shekara ɗaya ko biyu kuwa, banish zai fara tsagewa a gaɓoɓi da kusurwoyi. Ruwa ya bi tsagar ya shiga ƙarƙashi, kuma da ya shiga ba shi da mafita, domin gilashin da aka yi don ya tare shi a waje yanzu ya tsare shi a ciki. Shafi ya ɗago ya yi fari-fari, katakon da ke ƙasa ya yi baƙi. Ba abin da zai gyara wannan sai a koma farko, a kankare duka har zuwa tsiraran itace.

A nan ne darasin farko yake. Katakon da aka shafa wa banish aka yi watsi da shi ya fi wanda ba a taɓa shafa wa komai ba shan wahala. Wanda aka bari tsirara yana jiƙewa yana bushewa, yana tsufa a hankali cikin mutuncinsa. Wanda aka rufe aka manta da shi yana zaune cikin danshi. Wato shafin farko da mutum ya ɗora alkawari ya ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba. Ya raba itace da hanyar da yake kare kansa, ya ce shi zai tsaya masa, kuma wannan tsayawar ba ta da ranar sallama muddin jirgin yana hannunsa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, sun kuma ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ganinmu, mai jirgin da ya dubi lokacinsa da aljihunsa ya ce ba zai iya ba, ya bar katakonsa da furfura, ya fi gaskiya a kan wanda ya yi ƙyallin shekara ɗaya don maƙwabta su yaba.

Mun san irin wannan a tsakanin mutane. Wanda ya karɓi ɗan ƙaninsa riƙo ya raba yaron da gidan da ya saba, da hanyoyin da uwarsa ke lallaɓawa ta ciyar da shi. Idan ya riƙe shi da kyau shekara biyu sannan ya gaji, yaron ba ya komawa inda yake a da, yana komawa ƙasa da nan. Wanda ya gina wa ƙauye famfon burtsatse, mutane suka bar tsohuwar rijiyarsu ta cike da yashi, sannan injin ya mutu ba mai gyara, ya bar su cikin ƙishirwar da ba su sani ba kafin zuwansa. Ba muna cewa kada a yi alheri ba ne. Muna cewa akwai alherin da ke sauya yanayin wanda aka yi wa, har ya zama ba zai iya tsayawa ba sai da ci gaban alherin. Irin wannan, kafin a ɗora shafin farko, ya kamata a lissafa na shekara ta biyar da ta goma.

Darasi na biyu ya fi wuyar karɓa, domin ya shafi masu himma. Yawancin katakon tik da ya mutu a kan jirage ba sakaci ne ya kashe shi ba, tsafta ce. Itacen yana da jijiyoyi masu tauri da nama mai laushi a tsakaninsu. Mai jirgin da furfura ke ba haushi sai ya ɗauko buroshi mai ƙarfi ya bi tsawon jijiya yana dirza, ko ya sa injin feshin ruwa mai matsi, ko ya sayo maganin wanki mai kashi biyu, na farko mai ƙuna irin ta soda, na biyu asid. Nan take katako ya koma sabo, ido ya yi murna. Amma abin da ya tafi da ruwan wankin naman itace ne. Taushin ya zaizaye, jijiyoyi suka saura tsaye kamar kunyoyin gona, datti ya sami wurin maƙalewa fiye da da. Sai a kawo sanfefa a baje kunyoyin, wani kaurin ya sake tafiya. Katakon nan kuwa da ma kaurinsa 'yan milimita ne. An ɗaure shi da ƙusoshi masu murɗi da aka nutsar, aka toshe kan kowace da ɗan guntun itace. Idan katako ya sirance, toshiyar ta faɗo, kan ƙusa ya fito, ruwa ya sami ƙofa zuwa cikin jikin jirgi. Garin gyaran gira an rasa ido. Shi ya sa ƙwararru ke cewa a wanke da soso mai laushi, a gicciye jijiya maimakon a bi ta, a kuma yi haƙuri da ɗan launin toka.

An yi wannan muhawara a Ingila a kan gine-gine. A shekarar 1849 John Ruskin ya soki masu maido da tsofaffin majami'u sabbi, yana ganin cewa wanda ya kula da gini a kan lokaci ba zai buƙaci ya sabunta shi ba, kuma sabuntawar takan hallaka abin da aka ce ana ceto. A 1877 William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a kan wannan ra'ayi, har aka yi mata laƙabi da ƙungiyar ƙin kankara, saboda adawarta da masu kankare fuskar tsohon dutse don ya yi kama da sabo. Abin da suka gano shi ne sakaci da wuce gona da iri 'yan gida ɗaya ne. Mai sakaci yana ƙyale abu har ya lalace, sannan ya zo da babban gyara mai cin jiki. Mai wuce gona da iri ba ya jure ganin alamar shekaru, sai ya riƙa cin jikin abin a kai a kai. Dukansu biyu hoton sabon abu suke so, kuma dukansu a jikin tsohon suke biyan kuɗin hoton. Haka uban da ba ya duba karatun ɗansa sai ranar da sakamako ya fito ya ɗauko bulala, da uban da ke binciken yaro safe da yamma har ya kashe masa zuciya, sukan tashi da 'ya'ya masu kama da juna.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Idan katako ya ƙare sai a sa wani. Wannan amsa tana da tsohon tarihi a falsafa. Kusan shekara 1,900 da suka wuce, marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin Theseus mai matuƙa talatin, wanda mutanen Atina suka adana ƙarni bayan ƙarni, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin nan shi ne na asali ko wani ne daban. A 1655 Thomas Hobbes ya ƙara wa tambayar gishiri: idan wani ya tattara tsofaffin katakan da aka zubar ya harhaɗa su, wanne ne jirgin Theseus a cikin biyun? An daɗe ana jin daɗin wannan wasan ƙwaƙwalwa. Sai dai akwai abin da labarin ya ɗauka kyauta, wato cewa sabon katako yana nan yana jira a bakin tasha. Ba wanda ya tambayi daga wane daji aka saro shi.

Tarihin tik ya amsa wannan tambaya da ɗaci. Lokacin da itacen oak ya yi ƙaranci a Birtaniya bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, an ƙera jirgin yaƙi Trincomalee da tik a Bombay, aka saka shi a ruwa a 1817, kuma har yau yana kan ruwa a garin Hartlepool. Itacen da ke da wannan ƙarko dole a yi kwaɗayinsa. A 1885 gwamnatin Sarki Thibaw na Burma ta ci tarar kamfanin Bombay Burmah na Turawan Ingila bisa zargin ɓoye adadin gungumen tik da yake fitarwa. Wannan tara tana cikin dalilan da Birtaniya ta riƙe ta shiga yaƙi a watan Nuwamba na shekarar, ta kama Mandalay, ta kawo ƙarshen sarautar. A zamaninmu ma maganar ba ta mutu ba. Myanmar ta hana fitar da ɗanyen gungume a 2014 saboda yadda dazuzzukanta ke ƙarewa. Bayan juyin mulkin soja na 1 ga Fabrairun 2021, Amurka da Tarayyar Turai sun sa wa kamfanin katako na gwamnatin ƙasar takunkumi, domin kuɗin tik yana shiga hannun sojoji. Ko jirgin horar da sojan ruwan Jamus, Gorch Fock, wanda kuɗin gyaransa ya tashi daga kimanin Yuro miliyan 10 zuwa miliyan 135, ya sha suka daga ƙungiyoyin kare muhalli a kan tik ɗin Myanmar da aka shimfiɗa masa.

Akwai tik na gonaki, wanda ake sarewa yana da shekara 20 zuwa 30, kuma akwai robar da ake yi mai kama da katako. Duk suna da amfaninsu. Amma sandar da ke kan jirgin da aka ƙera shekara 50 da suka wuce, wataƙila daga bishiyar da ta haura shekara 100 a daji aka yanko ta. Wanda ya goge ta har ta ƙare cikin shekara goma ba da dukiyarsa kaɗai ya yi wasa ba. Ya cinye abin da ba zai iya mayarwa ba, ya kuma ƙara wa kasuwar da ke jawo sara buƙata ɗaya. Mallaka ta ba shi ikon sayarwa da kyautarwa, amma shekarun da bishiyar ta yi tana girma ba shi ya biya su ba. Mun fi ganin sa a matsayin mai riƙon amana tsakanin dajin da ya ba da itacen da mutumin da jirgin zai koma hannunsa nan gaba.

Yanzu sai mu saurari suka mafi nauyi. Mai karatu zai iya cewa duk wannan ƙyalƙyal banza ne na masu kuɗi. Jirgin shaƙatawa ba ya ciyar da kowa, kuma a daidai lokacin da wani ke ƙirga shafi na tara, kwalekwalen da ya tsufa yana nutsewa da 'yan kasuwa a kogin Neja. Ƙari a kan haka, sau da yawa ba mai jirgin ne ke durƙusawa ba. A tsibirin Antigua, a tashar English Harbour, akwai gwanayen banish da sunansu ya kai ko'ina a duniyar jirage, kuma suna aikin ne a gefen tsohuwar ma'aikatar jiragen yaƙin Birtaniya wadda aka gina da ƙwadagon bayi 'yan Afirka, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Ƙyallin da baƙo ke ɗaukar hotonsa gwiwar wani ce da huhun wani.

Ba za mu ce wannan suka ba ta da tushe ba. Akwai ƙyallin da ba shi da wata manufa sai nuna cewa mai shi yana iya sayen lokacin wasu. Akwai ma wanda ya fi wannan muni, wato shafin da ake yi dab da sayar da jirgi, a ɗora shafi biyu a kan katakon da ba a shirya ba, ya yi kyau na wata uku, ya faɗo a hannun mai saye. Wannan algus ne, ko da da buroshi aka yi shi. Amma sukar ta manta da abu biyu. Na farko, katakon nan ba ado ne zalla ba. Sandar da ke kan rufin ɗaki ita mutum ke kamawa idan igiyar ruwa ta kwantar da jirgi, kuma ɗan katakon da ya bi bakin jirgi shi ke tare ƙafa kada ta zame zuwa teku. Idan ruwa ya bi ramin ƙusa ya ruɓar da gindin sanda, ranar da za a gane ita ce ranar da aka fi buƙatarta. Na biyu, banish ya bambanta da fenti a wani abu mai muhimmanci: ana ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Fenti yana iya rufe ruɓa shekaru. Banish kuwa da ruwa ya shiga zai nuna baƙin tabo. Mutumin da ke bin kowane taƙi na katakonsa da hannu sau ɗaya a shekara shi ne zai fara ganin ƙusar da ta saki da tsagar da ta buɗe. Ɗabi'ar da ke sa a duba sandar jirgin attajiri ita ce dai wadda, idan babu ita, kwalekwalen talaka ke buɗewa a tsakiyar kogi. Game da gwanayen Antigua kuwa, abin da ake bin su shi ne lada mai kyau, da kariya daga ƙura da tururin tina, da kuma a san cewa abin da ke hannunsu ilimi ne.

Saura tambayar da muka fara da ita, ko aikin da rana za ta warware yana da daraja. Mun saba girmama wanda ya fara abu. Ana yanka kirtani ranar buɗe gini, ana rubuta sunan wanda ya kafa makaranta. Ba a taron buɗe yaɓen da magidanci ke yi wa katangar ƙasa kafin damina, ba a rubuta sunan matar da ke share tsakar gida kowace safiya alhali ta san iska za ta dawo da ƙura kafin azahar. Amma idan muka duba da kyau, mafi yawan aikin da ke riƙe da duniya irin wannan ne. Abincin jiya ba ya maganin yunwar yau, gaisuwar bara ba ta riƙe zumuncin bana. Kuskure ne a auna irin wannan aiki da tambayar ko ya ƙare, domin ba a yi shi don ya ƙare ba. Ma'auninsa shi ne abin da ya tsare. Banish ɗin da rana ta cinye bana ya yi aikinsa daidai, tunda shi ta ci ta bar itacen. An shafa shi ne don ya mutu a madadin katako.

Don haka matsayinmu shi ne, kulawa ta gari tana da sharuɗɗa da za a iya faɗa a sarari. Mutum ya zaɓi matakin da zai iya riƙewa har ƙarshe, ko da furfura ce da ruwan teku. Ya yi kaɗan a kan lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma tuna cewa duk gugar da ya yi daga jikin abin take fita, saboda haka kada ya nemi sabunta abin da tsufansa bai cutar da kowa ba. Masu jirgin da suka daɗe a harkar suna da wata 'yar dabara da ta tattara wannan duka. Sukan wanke ƙaramar kwalbar jan farce, mai ɗan buroshi a murfinta, su cika ta da banish su ajiye kusa da matuƙi. Duk ranar da anga ko igiya ta ƙwarzane katako, kafin ruwa ya sami hanya, sai a ɗan goge wurin a ɗiga masa ɗigo biyu. Aikin minti biyar ne, ba mai gani balle ya yaba, kuma shi ke sa a yi shekaru ba a ɗauko abin kankara ba.